Amsa Biyu ta Mailafiya Ɗaso

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haifi Mailafiya Ɗaso. Mahaifinsa Bakano ne da ya zo Hajji bai koma ba, ya rasu bai bar masa takardar zama ba. A shagon gyaran waya Mailafiya ya koyi rubuta manhaja, ba malami.

A 2016 muka haɗu a wani ƙaramin kamfanin jigilar alhazai. Ni Ameer, ɗalibi daga Zariya, ga digiri ga ɗaga kai. Shi ya rubuta manhajar na'urar da ke karanta abin hannun alhaji. Ka ba ta lamba, wani sashe ya maido amsa biyu, tanti da mota, a ƙunshi ɗaya ɗan mitsitsi.

"Shuf, duba nan, ya Ameer," ya ce da ni. "In kaya kaɗan ne, injin a hannu yake maido su, rajista ake ce wa hannun. In sun yi yawa sai an nemi wuri a ma'adana, a ajiye, a dawo a ɗauka. Tafiya biyu ke nan."

Na yi dariya, na ce dabarar masu gyaran waya ce. Ana gobe Arfa na buɗe aikinsa bai sani ba, na ƙara suna da jiha, na sa kowace tambaya ta kama wuri a ma'adana. Na manta da sakin wurin.

Ranar Arfa, rana na take tsaka, ma'adana ta cika, na'urorin suka yi nauyi, suka tsaya cak. Tsofaffi suka yi cirko-cirko ba su san tantinsu ba, har wata hajiya ta yanke jiki ta faɗi.

Mudir, shugaban kamfanin, ya buɗe fayil, sunan Mailafiya ne a sama. Ya kore shi a gabana. Na bar laifin a kansa. Tsoro na ji, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyar shirun nan.

Bayan shekara na tare tasi a Hindawiyya, ashe shi ke tuƙi. Na rasa inda zan sa fuskata. Muka yi nisa, sannan ya kalle ni ta madubi.

"Ma'alesh, ba komai, Malam Ameer. Layi na tamanin da huɗu ne a manhajar, ka saki wurin da ka kama. Bana ma akwai tsofaffi."