Kafaɗar Uwaisu

A Gubuchi, in ana maganar ƙarfi, sunan Uwaisu ake fara kawowa. Manomin rake ne, ya gaji fadama daga mahaifinsa, kuma shi kaɗai yake ɗaga damin da sai mutum biyu sun kama. Ya haura shekara arba'in bai taɓa kwanciya a asibiti ba. In zazzaɓi ya taɓa shi, matarsa Lantana ta dafa masa ganyen darbejiya ya yi surace, washegari ya koma gona.

Wata ranar kasuwar Makarfi ya kai rake, ya sayar da wuri. Bayan la'asar ya shiga ƙaramar mota mai komawa gida, su bakwai har da direba. Ba su yi nisa ba tayar gaba ta fashe, motar ta daki bakin kwalbati ta kwanta a gefen hagu. Uwaisu ne a jikin ƙofar, nauyin mutum uku ya sauka a kansa. Duk da haka shi ya fara fitowa, shi ya jawo sauran ta taga. Aka ɗauki mutum biyu da ke zubar da jini za a kai asibiti, aka ce ya shiga a duba shi.

"Me za a duba?" ya ce, yana kaɗe riga. "Ko ƙwarzane babu."

Ya hau acaɓa ya tafi gida. Maƙwabta suka yi ta shigowa jaje, yana ba su labari yana dariya. Washegari ya je fadama ya yi ban ruwa.

A kwana na uku ya tashi da ciwon kafaɗar hagu. Lantana ta shafa masa man zafi, bai yi komai ba. In ya zauna ciwon ya lafa, in ya kwanta ya taso. A kwana na huɗu ya bar tuwo rabi, sai ruwa yake ta nema. Da azahar ta leƙa ɗaki ta tarar yana salla a zaune, gumi na tsattsafo masa, ga shi ba zafi ake yi ba.

"Malam, leɓenka ya yi fari," ta ce bayan ya sallame.

"Gajiya ce."

Lantana ta yafa mayafi ta je ta kira yayansa Yahya, shi kuma ya goya shi a babur zuwa gidan Baba Maiwada, tsohon maɗorin da duk yankin ake kai wa karaya.

Bayan sun gaisa, tsohon ya ɗaga hannun Uwaisu sama, ya juya shi baya, ya danna kafaɗar ta ko'ina. Uwaisu bai ko motsa ba. Baba Maiwada ya ja fatar idonsa ƙasa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa tafin hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa na hagu, ya danna kaɗan.

Ƙarar da Uwaisu ya yi sai da matan cikin gida suka leƙo.

Tsohon ya janye hannunsa a hankali. "Yahya, wannan ba aikina ba ne. Ƙashi lafiyarsa lau. Abin yana ciki. Kada ku sake ɗora shi a babur, ku nemo mota yanzu. Na taɓa ganin irin wannan sau ɗaya."

"Baba, yaya wancan ya ƙare?" Yahya ya tambaya.

"Na ce ka nemo mota."

Uwaisu ya ce shi fa ba inda za shi, ya yunƙura ya miƙe. Taku biyu ya yi idonsa ya rufe, ya zube a bakin zaure.

Daga asibitin Makarfi aka tura su Zariya. Can aka yi masa hoton ciki, likita ya kira Yahya gefe ya ce saifa ce ta tsage tun ranar haɗarin. Jinin ya ɗan tsaya da farko, daga baya ya ɓalle yana taruwa a ciki, shi ne yake jin ciwon a kafaɗa. Yahya da ƙanin Lantana suka ba da jini, aka shiga da Uwaisu tiyata aka cire saifar.

Kwana biyu bayan ya farfaɗo, likitan ya tsaya a kansa ya ce, "Ku nawa ne kuka tafi gida ba a duba ku ba?"

"Mu biyar."

"A nemo sauran huɗun."

Yahya ya yi ta sintiri a tashar Makarfi. Ya samo direban da fasinja biyu, aka duba su, ba a ga komai ba. Ta huɗun wata dattijuwa ce Bafulatana mai sayar da nono, ba wanda ya san sunanta ko rugarsu. Uwaisu ya ce ya tuna ta: da ya fito da ita, ta zauna a gefen titi ta dafe kai da hannu biyu, ta tambaye shi sau uku ina ne nan. Sannan ta tattara ƙoranta ta bi hanyar daji.

Yanzu Uwaisu ya koma fadama, amma ba ya ɗaga dami, kuma ko zazzaɓi kaɗan ya ji sai Lantana ta tasa shi asibiti, kamar yadda likita ya gargaɗe su. Duk ranar kasuwa yana bi ta layin masu nono yana kwatanta dattijuwar. Wasu su ce ta yi musu kama da wata ta wajen Kudan, wasu su girgiza kai. Har yau bai sami wanda ya ce ya gan ta bayan ranar nan ba.