Fasinjan da aka bar wa gadin kaya

Shekara bakwai na yi ina loda kayan mutane a filin jirgin sama na Madina kafin a taɓa ɗauka ta a kai ni wani wuri don in huta. Akwatunan alhazai, jarkokin zamzam, kwalayen dabino, duk sun bi ta kafaɗata sun wuce ƙasashen da ban sani ba. Ni kuwa ko ƙafa ban taɓa tsomawa a teku ba, alhali daga gidanmu a unguwar Ƙurban zuwa garin Yanbu da ke bakin teku tafiyar 'yan sa'o'i ce.

A ƙarshen shekarun casa'in ne wani ofishin tafiye-tafiye ya liƙa takarda a ƙofarsa: kwana huɗu a bas, maza zalla, a bi gaɓar teku daga Yanbu zuwa Umluj, ranar ƙarshe kuma a shiga kwalekwale a je wani tsibiri. Hoton tsibirin nan ne ya kama ni. Ruwa garau, ana hango yashin ƙasansa. Na roƙi hutu da ƙyar aka ba ni, na yi rajista, na sayi jakar goyo irin wadda nake ganin matafiya na rataye da ita, na naɗe wandon wanka na sa a can ƙasanta. Abin da nake so ke nan, in shiga ruwan tsibirin nan har wuya.

Kuskuren nawa ne, kuma tun ba mu tashi ba na tafka shi. Da safe na iso wurin bas na tarar direba yana jefa kaya a ɗakin kaya na ƙasa yadda ya ga dama. Akwati mai nauyi a kan buhun burodi, tukunyar gas a kwance, jarkar ruwa bakinta a ƙasa. Na yi ƙoƙarin kau da kai, na kasa. Sabo turken wawa ne. Na ajiye jakata, na durƙusa, na fito da komai na sake jerawa: masu nauyi a ƙasa, hannayen akwatuna suna kallon waje, abin da za a fara nema a bakin ƙofa. Cikin minti kaɗan ƙofar da ta ƙi rufuwa ta rufu.

Ina miƙewa wani mai tumbi ya miƙo mini akwatinsa, ko fuskata bai kalla ba. Na karɓa. Don me na karɓa, har yau ban sani ba.

Jagoran tafiyar, wanda suke kira mushrif, mutum ne mai takarda a hannu da usur a wuya, yana busa wa gemu-gemu kamar 'yan firamare. Ya ga abin da na yi, ya ji daɗi. Muna isa Yanbu ya busa usur ya nuna ni da baki: "Yalla ya akhi, sauke afash." Kaya yake nufi. Mutane suka yi cirko-cirko a inuwa suna jira in miƙa musu nasu. Na ce a raina yau ɗaya dai. Washegari ma haka. Kafin kwana biyu, wanda ya ɓatar da silifa ni yake tambaya, wanda shayinsa ya huce ni yake harara. Wani har ya ba ni kyamararsa in ɗauke su hoto a bakin ruwa, suka jeru su duka, ba wanda ya ce in shigo.

Duk waɗannan ban riƙe su sosai ba, ba su san ni ba. Wanda na riƙa shi ne Ustaz. Malamin makaranta ne, ɗan lungunmu, ya girme ni da 'yan shekaru. Kakarsa da kakata tare suka zo wannan ƙasa daga ƙasar Hausa, tare suka sayar da ƙosai a bakin titi ɗaya. Yana layi a bayana ranar da na yi rajista, ya san ni fasinja ne kamarsa. Amma tun da ya hau bas ya zauna cikin abokan aikinsa, Hausa ta gudu daga bakinsa. Na gaishe shi da "Ustaz, an tashi lafiya?" ya amsa da Larabci a gajarce yana gyara gutirarsa, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka. Tun dare bai yi ba ya miƙo mini akwatinsa shi ma. Da ɗan gari akan ci gari.

Ranar tsibiri muka sallami masauki a Umluj tun da hantsi. Direba ya ce zai kai bas gareji a duba masa taya, saboda haka aka sauke kaya duka a bakin gaɓa, kusa da inda kwalekwalen yake. Na riga na sa wandon wankana a ƙarƙashin riga. Mushrif ya tsaya yana ƙirga kawuna, mutane suna shiga. Da na ɗaga ƙafa sai ya tare ni da takardarsa.

"Kai ka tsaya wurin kaya. Ba za mu daɗe ba."

Na ce masa ya duba takardar. Ya duba, ya ga sunana, fuskarsa ta ɗan canza. Sai dai kwalekwalen ya cika, don ya riga ya cusa wani abokinsa ɗan garin a gurbina, mai kwalekwale kuma ya rantse ba zai ƙara ko kaza ba. Na ɗaga murya. Na ce ni ba yaron kowa ba ne, a fito da wancan in shiga. Mutanen da na yi kwana uku ina ɗaukar musu kaya suka fara tsaki, wai ina ɓata musu lokaci, rana na yi.

A nan Ustaz ya taso daga mazauninsa, ya matso bakin kwalekwalen, ya sassauta murya. Sai ga Hausa ta dawo, tatacciya, irin ta kakarsa.

"Haba ƙanena, ma'alesh. Ka yi haƙuri mana, khalas, shi ke nan. Kar ka ba mu kunya a gaban mutane."

Wato bakina ne abin kunya. Na kalle shi. An yi mini tarbiyyar kada in mayar wa na gaba da ni magana, kuma ya san da haka, shi ya sa ya zaɓi harshen gida. Na ja da baya. Aka tada inji, suka tafi, wasu har da ɗaga mini hannu.

Na zauna a kan dutse ina tafasa. Na rantse ko ɓarawo ne ya zo, ni zan nuna masa akwati mafi tsada. Ruwa yana gabana, taku ashirin bai kai ba, amma a wurin duk ƙaurin man inji ne da ƙayar kifi, kuma in na juya baya wa zai ga kaya? Na ji kaina ina wannan tambayar, na ƙara jin haushi.

Rana ta take. Inuwar bangon da aka jingina kayan ta janye, zafi ya sauka a kan akwatuna. Na tuna akwai maganin ciwon sukarin wani tsoho a cikin wata baƙar jaka. Na tashi na matsar da ita. Daga nan na matsar da ta kusa da ita. Ba mushrif, ba usur, ba wanda yake kallona, na kwashe kayan nan kaf na kai su inuwa, na jera su tsaf, har da akwatin Ustaz. Ina yi ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba mini, wandon wankana a bushe a jikina.