Gudun Mai Jego

Tsofaffin Wara har yau suna tuna Christiana 'yar Tamada masunci, wadda take tsere da kwale-kwale tun tana yarinya, shi a ruwa, ita a gaɓa da tiren kifi a ka. Da ta gama sakandare a Yelwa ta ce soja za ta shiga. Uwarta, Inna Rabi, ta yi kuka har ta gaji, uban ya ce a ƙyale ta.

Shekara bakwai tana soja ɗauke da igiya ɗaya. Sau biyu sunanta yana fitowa a kwas ɗin kofur: na farko aka tura su aiki daji, na biyu ciki ya tsayar da ita. Ranar da za ta tafi hutun haihuwa, saje ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye cewa dama ɗaya ta rage. In ta dawo akwai gwajin gudu, kilomita uku cikin mintocin da aka yanka. In ta faɗi, shi ke nan, 'yan bayanta za ta riƙa sara wa.

Mijinta Philip ya kawo ta gida Wara, ta haifi mace, aka sa mata Susan. Sai Inna ta ɗaura ɗamara. Wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kwano guda, farfesun kifi ragon ruwa, ga tuwon shinkafa, kuma ƙafa ba ta taka ƙofar gida. Ai kuwa ranar arba'in Christiana ta jawo wandon kakinta, ya ƙi wuce cinya. Ta zauna bakin gado, tsoro ya kama ta sosai.

Ta je asibiti, ungozoma ta duba ta ta ce tana iya fara atisaye, amma a hankali. Washegari da hantsi ta ɗaure takalmi ta ɗau hanyar tasha. Kai, mutanen Wara! Wa ya taɓa ganin mai jego tana gudu ba abin da ya koro ta? Mata masu kai wanki bakin ruwa suka sa salati: "Jego ya taɓa mata kai! Ku tare ta kar ta faɗa ruwa!" Masunta biyu suka yar da taru suka bi ta. Tana haki tana cewa lafiyarta lau, su kuwa suna cewa ai duk haka suke faɗa. Abin da ya fi ƙona mata rai ba riƙon da suka yi mata ba ne. Ko gudun kirki ba su yi ba suka kamo ta.

A gida Inna har ta zuba turaren iska a garwashi. Christiana ta durƙusa gabanta.

"Inna, ba hauka nike ba. Igiyata nike nema. In ban yi gudun nan ba, wahalar shekara bakwai ta tafi a banza."

Inna ta jawo buta. Sannan ta watsa wa garwashin ruwa.

"To mi ya kai ki titi, sakarya? Kan rairayi ake yin ƙafa. Tambayi ubanki."

Tun daga ranar, da an gama karin safe, sai Inna ta goya Susan ta zauna kan kifaffen jirgi a gaɓa, Christiana tana kai-komo cikin rairayi daga tudu zuwa inda ake shanya taru. Ruwan gidan ma ita ta karɓi ɗebo shi, jarka biyu kowane sawu. Duk wadda ta tsaya kallo, Inna ta tambaye ta ko ta rasa aikin yi ne. Kunun kanwa dai ba a fasa ba, an koma rabin kwano bayan doguwar jayayya.

Ta koma bariki, ta ci gaba da atisaye tana shayarwa. Ranar gwaji nono ya jiƙa mata riga tun a kilomita na biyu, ƙirjinta kamar an hura wuta. Ta tsallake layi saura daƙiƙa tara. Sunanta ya fito. Kwas na wata uku, kuma ba a zuwa da goyo.

Susan tana da wata bakwai ranar da Christiana ta kawo ta Wara. Ta shayar da ita a tasha har direba ya fara masifa, sannan ta miƙa wa Inna. Yarinyar ta cafke wuyan kakin da hannu biyu. Christiana ta ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana kuka a bainar jama'a ba ta ko share ba, ta shiga mota ta ce wa direba su tafi.