Sunan da Aka Laƙaba wa Katung

Katung mutumin Kagoro ne. A 2004 ya zo Amurka, ya sami aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Beltsville. Ƙato ne, ga tabon ƙuna a kumatu tun yarinta. Idan tsoho ya faɗi a banɗaki shi ake kira, ya ɗauke shi cak, yana rera masa waƙar coci ƙasa-ƙasa har tsoro ya sake shi.

Tun shekarar farko abokan aikinsa suka laƙaba masa suna. Shi dai "oga" kunnensa ke ji, yadda ake kiran maigida a Najeriya. Yakan amsa da fara'a, har yana gaya wa matarsa Hannatu cewa mutanen nan sun san darajar mutum. Duk Kirsimeti sai ta soya cincin ya kai musu.

Aka yi shekaru a haka. Ranar wata walimar ma'aikata ya je da 'yarsa Olive, mai karatun adabi a jami'a. Wata ma'aikaciya ta ƙwala masa kiran, aka fashe da dariya, shi ma ya dara. Olive ta ajiye farantinta.

A mota ta ce, "Baba, ba oga suke cewa ba. Ogre suke cewa."

"To, meye bambancin?"

"Dodon tatsuniya ne, Baba. Mummunan ƙato mai cin mutane, ya fi son naman yara. Daga tatsuniyoyin Faransawa kalmar ta shiga Turanci. Ana ma zaton tushenta sunan wani abin bautar Rumawa ne mai mulkin matattu."



Mutumin da ke wanke iyayen wasu, yana ba su abinci a baki, shi ne mai cin mutane! Kuma duk sun san bai gane ba. Abin dariyar ke nan. A cikinsu an rasa mutum ɗaya da zai ja shi gefe ya gaya masa.

Ranar Litinin ya kai ƙara wurin shugabar gidan tsofaffin. Ta ce ai wasa ne, shi ma yana dariya.

"Ku kun san abin da kuke faɗa, ni ban sani ba," in ji Katung. "Wannan cin mutunci ne."

Ta ce za ta ja musu kunne. Bai jira ba, ƙarshen wata ya bar aikin. Yanzu yana jinyar tsofaffi a gidajensu a Fort Washington. Hannatu kuwa, idan ta gamu da ɗayansu a kanti, ko kallo bai ishe ta ba.