Furera Ta Koyi Ƙwallo a Wajen Jinya

Furera 'yar Badarawa ce ta ƙasar Shinkafi. Aure ya kawo ta Ƙaura Namoda tun jirgin ƙasa yana tashe. Mijinta, Malam Muhtari, a tashar jirgin ya yi aiki har ya yi ritaya. 'Ya'yansu uku duk mata ne, kowace tana ɗakinta. Ita kuwa sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, har daga cikin kasuwa ake aikowa a saya.

Shekara ashirin da bakwai tana zaune da mutumin da ƙwallo ta shiga jininsa, amma ba ta taɓa tambayarsa wa ya ci ba. Yana saurayi shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan tasha. Da girma ya kama shi sai ya koma kallo a wata rumfa bayan kasuwa, ranar da ba a nuna ba kuma ya manna rediyo a kunne. A wurinta duk shirme ne, ƙarti da gajeren wando suna bin fata.

Kwana huɗu bayan ƙaramar sallar ƙarshen 2001, Malam Muhtari ya yanke jiki ya faɗi yana alwala. Ya yi mako biyu a asibiti a Gusau, aka dawo da shi ɓarin dama a shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Yana ji, yana ganewa, amma abin da ke fita daga bakinsa bai wuce gurnani ba. Abokan rumfa suka yi ta zuwa a makon farko, daga baya ƙafa ta ɗauke.

Wata rana da la'asar ta shigo da kunu ta tarar yana ta dukan rediyo da hannun hagu, hawaye na bin gefen bakinsa. Ya kasa murɗa ta. Ta karɓa ta yi ta juyawa har ta faɗa kan masu labarin wasanni, sai ya kama hannunta ya riƙe. Lokacin ana gasar Afirka a Mali. Ba halin ta tashi, don eriyar ta karye, sai an dafa ta da yatsa take kamawa. Haka ta zauna minti casa'in ba ta san abin da ake ciki ba, tana dai kallon fuskarsa. Tun ranar da ya faɗi ba ta ga idonsa da rai irin na wannan yammacin ba.

Daga nan ta fara tambaya. Rumfar kallo ta maza ce, ga shi shekara biyu ke nan da ƙaddamar da shari'a, ba macen da za ta ko leƙa wurin, don haka ba ta da malamin da ya wuce mara lafiyar. Ya sa ta kawo faifai, ya jera gyaɗa goma sha ɗaya nan, wake goma sha ɗaya can, yana tura su da ɗan yatsa. Ta yi ta cankar abin da yake nufi, in ta dace ya gyaɗa kai, in ta kuskure ya buga faifan. Satar gida kaɗai ta ɗauke su kwana uku. Ranar da ta gane ta, ya yi wata dariya mai kama da tari, ita ma ta yi har da ƙwalla.

Ba ta san sa'ad da abin ya zama nata ba. Ranar da Senegal ta fitar da Najeriya, sai da gyaɗarta ta ƙone a kasko. Maƙwabciyarta Saude ta leƙo ta katanga saboda ƙauri, ta ji dalili, ta ce lallai tsufa ya zo wa Furera da gardama. Furera ba ta musa ba. Ko Malam yana barci takan buɗe rediyon a hankali ta ji wa aka kira, wa ya ji rauni. Ta haddace cewa gasar duniya za a fara ƙarshen Mayu a Japan da Koriya, kuma an haɗa Najeriya da Ajantina da Suwidin da Ingila, rukunin da masu sharhi ke cewa ba mai fita cikinsa da sauƙi.

Sai ta ɗaura niyyar Malam zai ga gasar da idonsa. Ta aika wa surukinta a Gusau, ya aro mata ƙaramar talabijin. Mijin Saude ya ce in an ɗauke wuta zai jawo musu waya daga janaretonsa, tunda wasannin da safe za a yi. Tsakiyar Mayu kwalin ya iso. Ta ajiye shi inda Malam zai riƙa ganinsa, kullum tana gaya masa saura kwana kaza.

Saura kwana tara, wan Malam, Zakariyya, ya iso daga Gurbin Ɓore da motar haya. Dattijo ne mai son ƙaninsa, shi ya sayar da sa biyu lokacin asibiti. Ya ce dangi sun zauna, wata biyar ba sauƙi, akwai mai magani kusa da Zurmi da ya tada irin wannan, gida za a mai da shi. Furera ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta ce akwai maganin asibiti da yake sha, ya ce a tafi da shi. Ta ce hanya ba kyau, ya ce a hankali za su bi. Hujja ta ƙare mata, sai gaskiyar ta fito.

"Yaya, a bar shi wata guda. Ƙwallon nan ita kaɗai ta rage mishi."

Zakariyya ya dube ta, ya amsa ba da faɗa ba.

"Furera, muna neman ya miƙe da ƙahwa tai, ke kina zancen wasa? Mi kike so in ce ma dangi?"

Ta dubi Malam, ya buɗe baki, gurnanin nan ya fito, wan ya ɗauka godiya ce. Ta naɗe kayansu, ta tura rediyon cikin zannuwa. Talabijin ɗin ko kwalinta ba a buɗe ba.

A Gurbin Ɓore ba wuta. Mai magani ya sa aka keɓe Malam a ɗaki, ya ce kwana arba'in ba hayaniya, ba rediyo, sai turare da shafawa. Furera baƙuwa ce a gidan, ba ta da bakin cewa a'a. Ranar wasa da Ajantina, bayan asuba mutanen gida suka fita shuka don an sami ruwa. Ta zaga bayan rumbu ta tsuguna, rediyo a kunne, yatsa a kan eriya. Aka ci Najeriya ɗaya. Ta koma ɗaki tana shafa masa magani tana raɗa masa yadda aka yi, cewa daga bugun kwana aka sa ƙwallon da kai. Ya lumshe ido ya matse mata hannu.

Ranar Juma'a Najeriya ta fara cin Suwidin. Furera ta miƙe ba shiri har ta buge kai da gindin rumbu, ta ruga ta gaya masa. Kafin ta koma an rama, daga baya aka ƙara ta biyu. Ta daɗe a tsugune tana shawarar ta bar shi da labarin farko. Daga ƙarshe ta shiga ta gaya masa gaskiya, an fitar da mu. Bai matse hannunta ba. Ta sake faɗa, ya bi ta da ido kamar bai san ta ba. Ta yi ta kiran Malam, Malam, har matan gida suka shigo. Ashe ciwon ne ya sake bugunsa tsakanin fitarta da dawowarta.

Bai ƙara gane kowa ba. Ta roƙa a mai da shi Gusau, aka ce a ƙarasa kwanakin magani tukuna, da suka cika kuma ruwa ya ɓata hanya. Ya rasu cikin Agusta, gero ya fara fidda kai. A can ta yi takaba. Zakariyya bai rage ta da komai ba, ita ma ba ta taɓa ɗora masa laifi a gaban kowa ba.

Ta dawo Ƙaura da rani, ta koma kan kaskonta. Saude ta zaci ta bar zancen ƙwallo, har sai da ta ji muryar mai sharhi na fitowa daga ɗakin wata Asabar. Ta tambaye ta ko don tuna Malam ne. Furera ta ce da farko ita ma haka ta ɗauka, amma gaskiya so take ta ji wa zai ci. Abin da ke damunta kawai, in an yi abin da ba ta gane ba, ba ta da wanda za ta tambaya.