Mai Makullai Biyu

Wata Laraba ce, a daminar shekarar da aka yi ta ɗibar samari soja zuwa yaƙin ƙasar Bama a zamanin Turawa, na sauke farantin soyayyen kifina a ƙofar Iya Rahila, a bayan tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, na tarar da ita zaune tana shafa wata takarda da tafin hannu. Kirista ce, matar wani mai gyaran layin dogo da ya rasu, kuma yanar ido ta rufe mata gani har ba ta bambance fuska. Ni kuwa 'yar masunta ce daga fadamar Haɗeja, ga rawar kai ga taurin kai. Ta ce an ɗauki ɗanta Bitrus soja, jirgin la'asar zai tafi da shi Kano. Ta ji maƙwabtanta Musulmi suna ɗinka wa 'ya'yansu layu, ita ma ba ta son nata ya tafi wuyansa wayam.

Takardar hoton mutum goma sha biyu ce, sahabban Annabi Isa, waɗanda Kiristoci suke kira manzanni. Ruwan da ya ci ɗakinta ya wanke sunayen da ke ƙasa, ya bar taɓo a jiki. So take in kai wa Baffa Ilu baduku ya yanko mai sunan ɗanta ya ɗinke a fata. Abin da na riƙe daga tsofaffin hirarrakinta shi ne Bitrus na cikin manzannin masunci ne, don haka ban tsaya tambaya ba. Wa zai koya mini gane masunci? Ina zuwa wurin badukun na dangwala yatsa a kan wani mai kifi a hannu. Har Baffa Ilu ya ɗaga aska sai na lura a bayan mutumin akwai wasu itatuwa biyu a gicciye da ban san ma'anarsu ba. Na riƙe masa hannu. Ya yi tsaki ya ce duk gemu ne da su, kuma ba a buɗe laya, wa zai sani?

Maganar nan ta ƙona mini rai. Na fizge takardar na koma da gudu ta cikin caɓi. Da na kwatanta mata shi, Iya Rahila ta yi dariya ta ce wancan ɗan'uwan manzo Bitrus ne, Andarawus, in nemi mai sanƙo riƙe da makullai biyu. Na yi mata musu, na ce masunci da bukkarsa asabari ne ƙofarta, me zai kulle? Ta ce na Aljanna ne aka ba shi ajiya. Masu sanƙo uku na samu, hannuwansu duk taɓo. Na tsinci gashin kaza na jiƙa a randa, na dinga gogewa a hankali don kada takardar ta yage, rana tana ta karkata, cinikin kifina ya tsaya cak. A hannun na ƙarshe makullan suka fito.

Baffa Ilu ya ɗinke yana ta mita. Jirgi ya riga ya yi kuka lokacin da na damƙa mata layar a gefen dogo. Ta murza fatar da yatsunta, ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"'Yata, kin ga makullan da idonki?"

"Na gan su, Iya. Biyu ne."

Sai ta rataya wa ɗanta a wuya ba ta ƙara tambaya ba.

Yanzu ciyawa ta cinye tashar, jikokina kuma suna nuna mini hoton duk wanda suka ga dama a waya, da sunansa a rubuce. Ban taɓa jin ko Bitrus ya dawo ba, domin kafin kaka 'yan'uwan Iya Rahila sun zo sun tafi da ita garinsu. Ina kewarta har gobe. Tun da nake, ba a ƙara ba ni amanar da ta kai aron idon nan nauyi ba.