Ɗan Birnin da Na Ajiye wa Baba a Lambu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko wa wannan shafi, ban taɓa zaton nawa zai shiga layi ba, don abin da ya same ni bai shafi aure ko kasuwanci ba. Labarin wata 'yar na'ura ne da ba ta wuce tafin hannu ba. A lokacin ni saurayi ne, sabon malamin kwamfuta a wata sakandare a Safana, inda kwamfutar da alli muke zana wa yara ita a allo. Ina da rawar kai irin ta wanda bai daɗe da baro makaranta ba, duk matsalar da na gani sai in ga ai waya da batir za su magance ta. Gidanmu yana wani ƙauye a yankin Ruma ta Batsari, inda in ka tsaya a bayan gari kana hangen bakin daji.

Babana manomin rani ne. Yana da lambu a fadama, tafiya ce mai ɗan nisa daga gari, albasa da tattasai yake yi. Rijiyar lambun tana da rowa. In famfon sola ya ja ruwa na ɗan lokaci sai ta ƙafe, dole a kashe shi a jira ta sake tarawa, in ba haka ba ya ƙone. Saboda haka sai mutum ya zauna a gindinta tun hantsi har azahar, yana kunnawa yana kashewa. A da wannan ba komai ba ne, Baba ma daɗin zaman yake ji, da rediyonsa da goronsa. Amma shekarun da nake magana, zaman mutum shi kaɗai a fadamar nan ya zama abin da ake yi da addu'a a baki. Mutanen daji, wato 'yan bindiga, ta nan suke ratsawa. Innata ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar kekensa a ƙofar gida.

Wannan ne ya sa na sayi na'urar. Ƙaramar kwamfuta ce a kan allo guda, irin wadda ake sayar wa masu koyon ƙere-ƙere, manhajarta a katin memori take. Na haɗa ta da abin auna ruwa a cikin rijiyar, na haɗa ta da makunnin famfo, na sa mata layin waya don ta riƙa turo mini saƙo in ta kunna ko ta kashe. Na rufe ta a robar abinci na ɗaure a ƙarƙashin faifan sola. Ranin farko ta yi aiki kamar ba ni na haɗa ta ba. Baba ya daina zuwa kullum, sai ranar da maƙwabtan lambu suka haɗu za su tafi tare, ya je ya yi cira ya gyara hanyar ruwa ya dawo. Ya raɗa mata suna Ɗan Birni, wai tana aiki ba ta zufa, kamar ni. In na zo gida sai ya tambaye ni lafiyar ƙanena kafin ya tambayi tawa. Inna kuwa har ƙiba ta yi a ranin nan. Ban taɓa jin ni mutum ne mai amfani kamar lokacin ba.

Da damina ta faɗi muka kwance kayan muka kai gida. Wata rana na je Katsina na ga masu na'urar sun fitar da sabuwar manhajar da ke tada ta, wadda ita ce ke fara farkawa kafin komai ya motsa. Na sauke na ɗora mata a shagon wani abokina mai gyaran waya, ta tashi lafiya lau, na mayar da ita jaka. Bayan nan ne aka datse sabis ɗin waya a yankinmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Da farko mun ji jiki, daga baya muka saba, aka koma aika saƙo ta bakin direba kamar zamanin kakanni. Har rani ya shigo mun manta ma cewa akwai wani abu da aka ɗauke mana.

Ranar da muka mayar da kaya lambu, na haɗa komai yadda na saba, na kunna. Jar fitila ta kama. Koriyar ta yi ƙyaf-ƙyaf kamar za ta tashi, sai ta tsaya cik. Famfo bai motsa ba. Na kashe na kunna, na cire kati na hure shi na mayar, na goge ƙafafun wayoyi da bakin riga, shiru. Baba yana tsaye da fartanya a kafaɗa, ya ce in bar yaro ya huce, wataƙila hutun damina ne bai ishe shi ba. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. An riga an dasa albasa, ita kuma ba ta san ana gyara ba. Washegari Baba ya ɗauki rediyonsa ya koma gindin rijiya, ya ce na ɗan lokaci ne kafin in shawo kanta.

Daga nan wahalata ta fara. Na tafi da ita Safana na gwada a ɗakina da batir, ta yi mini irin na lambu. Sai na shiga a-kori-kura zuwa Katsina, a hanyar da kowa ke shiru a mota har sai an wuce wasu wurare. A shagon abokina muna sa mata wuta sai ta tashi garau, har da turo saƙo. Abokina ya dube ni ya ce ko dai ni ne ban iya kunnawa ba. Na dawo da murna, ina isa Safana ta sake sumewa. Sai na ce ai magana ta fito, wutar shago ce ta fi ƙarfin batirina. Na sake batir, na sake caja, na sayi kebul mai kauri, na sa abin daidaita wuta. Ba ta ko gezau ba. Na ce to katin ne jabu, na sayi wani, muka yi mata filashin tun daga tushe da sabuwar manhajar nan dai. A birni ta tashi, a gida ta ƙi. Na zargi zafi, na zargi jijjigar hanya, har na bi allon da gilashin ƙara girma ina neman inda dalma ta saki. Abin da ban taɓa zarga ba shi ne abin da babu shi, don ido ba ya tsayawa a kan abin da ya saba rashinsa.

Ban iya tuna sau nawa na bi hanyar nan ba, kuma ba na son tunawa. Na san dai ƙafafuna sun san kowane rami, kuma na kai matsayin da ko ganin jar fitilar nan ba na so. A aji ina koyar da yara yadda kwamfuta ke tashi, zuciyata tana fadama. Duk ƙarshen mako in na je gida, Inna sai ta dubi jakata ta dubi fuskata, ta ajiye mini tuwo. Sau ɗaya kawai ta yi magana, muna tsakar gida, ta ce ita ba ta san kan abin nan ba, amma in na san ba zai gyaru ba in faɗa wa mahaifina gaskiya ya haƙura da albasar bana. Na ce mata saura kaɗan. Baba kuwa tsokana ya ci gaba da yi, yana gaya wa mutane a bakin masallaci cewa Ɗan Birni ya ɗanɗana wutar gwamnati ya raina ta ƙauye. Maƙwabtan lambu ɗaya bayan ɗaya suka fara janye jiki, wasu suka bar shukarsu ta bushe. Shi ya ce albasa ta fara ƙunsa, ba zai bar ta a wannan gaɓar ba.

A tafiyata ta ƙarshe ne na samo wani ɗan kebul da ake haɗa irin wannan allo da laftof, mutum ya ga abin da na'urar ke rubutawa tun daga farkawarta. Da ma na san da shi, ganin kawai nake ban kai ga buƙatarsa ba. A Katsina bai nuna mini komai ba, tunda can lafiyarta ƙalau. Sai da na dawo Safana, bayan an tashi makaranta, na zauna a kan tabarma na haɗa. Rubutu ya yi ta gudu a fuskar laftof, sannan ya tsaya a layi guda. Na'urar tana cewa tana jiran sabis. Sabuwar manhajar an tsara ta ne kada ta ci gaba sai layin waya ya kama, kuma ba a sa mata iyakar jira ba. Waɗanda suka rubuta ta, a inda suke, ba su taɓa kawo wa ransu akwai garin da za a wayi gari babu sabis kwata-kwata ba. Ba batir ba ne, ba kati ba ne, ba zafi ba ne. Na buɗe saitinta na cire sharaɗin, na kunna. Koriyar fitila ta ci gaba da ƙyaftawa, makunnin ya yi ƙas. Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba. Na zauna ina kallonta, ko murna na kasa yi don gajiya.

Abin da na fi so a duniya a lokacin shi ne in kira Baba in ce ya zauna gida, na gano. To da wane sabis? Tsakiyar mako ne, motocin ƙauyenmu da safe kawai suke tashi, kuma ba kullum ba. Na ba wani direba saƙo, daga baya na ji bai ma yi wajen ba. Da na samu mota na isa, tun daga nesa na hangi takalma jibge a ƙofar zaurenmu kamar gidan makoki, sai na ruga da gudu. Baba yana raye, alhamdu lillahi. Amma kwana ɗaya kafin zuwana mutanen daji sun same shi a gindin rijiya. Suka kwance famfo da faifan sola, suka ɗora masa a kai, suka tasa shi gaba ya kai musu cikin daji. Da ya faɗi a hanya suka buge shi da gindin bindiga a ƙugu. Sai yamma suka sake shi, ya dawo ba takalmi, ba hula. Na shiga na durƙusa a gabansa da na'urar a jakata, mai lafiya, ban iya fito da ita ba. Shi ne ma ya riƙe hannuna ya ce kada in sa wa raina komai, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Bai tambaye ni lafiyar ƙanena ba, kuma har yau bai sake kiran sunan ba.

Albasar ta bushe a inda take. Daga baya na ɗauko su Baba muka dawo cikin garin Batsari, muka kama gida. An dawo da sabis, na'urar tana nan a kan teburina. Wani lokaci in na sa mata wuta sai ta tashi, ta yi ƙas, ta turo mini saƙo wai ta kunna famfo.

Na yarda da ƙaddara, amma na gaji da jin cewa ba abin da za a iya yi, shi ya sa na rubuto. 'Yan'uwana masu wannan harka, musamman na ƙauye, kayan nan ba don mu aka ƙera su ba, an yi su ne da tunanin akwai wuta, akwai sabis, akwai hanya. In abu yana aiki kada ku ɗora masa sabuwar manhaja don kawai ta fito, in kun ɗora kuma ku ajiye tsohuwar. Ku gwada shi a wurin da zai zauna, ba a shagon birni ba. In ya ƙi tashi, ku fara neman jin abin da yake faɗa kafin ku hau canje-canje da zato. Mafi girma duka, in akwai ran mutum a bayan abin da kuka haɗa, ku daina cewa saura kaɗan. Ku ce ba ku sani ba, mutum ya yi shawara da gaskiya a hannunsa.

Yanzu Baba yana da 'yan kwamin albasa a tsakar gida, duka ba su fi shimfiɗar tabarma ba. Kullum da safe sai ya jawo ƙafa ya fito, ya bi su da buta ɗaya bayan ɗaya. Kwanaki na ce masa zan samo ƙaramin famfo in haɗa masa da na'urar ya huta. Ya ci gaba da zuba ruwansa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, in yi haƙuri in bar masa wannan.